Kafin ka cire rautar kamfani daga gidan mutum

Jiya da yamma muna rufe shago ka tambaye ni ko za mu iya cire rautar kamfani, wato akwatin intanet ɗin da kamfanin sadarwa ya ba shi, gaba ɗaya daga gidan Alhajin nan na Fadamar Mada, mu sa na'urorin mesh guda uku da ya sayo, masu haɗuwa su watsa wayifai ɗaya a faɗin gida, a madadinta, tunda ƙorafinsa shi ne intanet ba ya kaiwa ɓangaren iyalinsa. Ka kuma ce ka jujjuya na'urorin ba ka ga wurin sa sim ba. Na ce ka bari sai na zauna, domin amsar ba ta tsaye ba ce. To ga ta a rubuce, ɗana, ka karanta da kyau kafin mu koma gidan ranar Asabar.

Rashin wurin sim ɗin da ka lura da shi, nan ne bakin zaren. Akwatin da kamfani yake bai wa mutum ayyuka uku yake yi a lokaci guda, ko da yake mai gida abu ɗaya yake gani. Shi ne yake karɓo intanet daga waje, ko ta sim, ko ta faiba, ko ta tauraron ɗan'adam. Shi ne yake raba wa kowace waya da kwamfuta adireshinta a cikin gida, yana kuma tsaye tsakaninsu da waje. Sannan shi ne yake watsa wayifai. Mesh ya iya aiki na biyu, ya kuma fi akwatin kamfani iya na uku nesa ba kusa ba, amma yawancin waɗanda ake sayarwa ba su iya na farko ba sam. Saboda haka ba korar rautar kamfani za mu yi ba, rage mata aiki za mu yi: ta tsaya a matsayin mai kawo intanet zuwa bakin ƙofa, rabo a cikin gida kuwa ya koma hannun mesh.

Yadda za a rage mata aikin ya danganta da irin layin da gidan yake da shi. Idan Starlink ne, intanet ɗin tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, abin da sauƙi: a cikin manhajarsa akwai saitin da aka rubuta Bypass, wanda yake kashe wayifai da rabon adireshi na rautarsa ya miƙa komai ga na'urar da ka haɗa da kebul. Ka tuna dai rautarsa ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi ƙaramin mahaɗi daban, ta ƙarni na uku ce take zuwa da ramuka biyu a bayanta. Idan faiba ce ko eriya a kan ƙarfe, saitin da ake nema shi ne Bridge, wato akwatin ya zama gada kawai, kuma sau da yawa sai ka karɓi suna da kalmar sirri na PPPoE, wato na shiga layin, daga kamfanin ka shigar da su cikin babbar na'urar mesh. Wasu kamfanonin su kaɗai suke iya canza wannan saitin daga ofishinsu, don haka kira ake yi, ba a yin dabara.

Gidan Alhaji kuwa rautar sim ce, irin wadda MTN da Airtel da Glo suke sayarwa, kuma ita ce aka fi samu a gidajen Bauchi. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su da saitin gada, ko kuma an rufe shi. A nan hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, ka sa mesh a yanayin da aka rubuta Access Point, ya zama watsawa kawai yake yi, rautar sim ta ci gaba da rabon adireshi. Ta biyu, ka bar mesh a matsayin cikakkiyar rauta a bayan ta kamfani. Ko wacce ka ɗauka, ka shiga rautar sim ka kashe wayifanta, domin idan ka bar shi zai riƙa gogayya da na mesh a iska ɗaya, wayoyin gidan kuma su riƙa maƙalewa a tsohon suna mai rauni.

Ni hanyar farko na fi so, kuma zan gaya maka dalili. A hanya ta biyu gida yana da masu rabon adireshi biyu, ɗaya a bayan ɗaya, kamar gida mai zaure biyu da kowanne yake da mai gadinsa. Mai kallon YouTube ko mai hira a WhatsApp ba zai ji komai ba. Amma ranar da aka haɗa firinta ko na'urar kyamarorin tsaro a jikin rautar kamfani, alhali kwamfutar tana kan mesh, sai a wayi gari ba sa ganin juna, kuma kai za a kira da tsakar rana. Akwai kuma karon adireshi: idan duka biyun suna amfani da jeri ɗaya, misali 192.168.0.1, abin yana iya tsayawa cak. Rautocin Huawei galibi 192.168.8.1 ne, mesh ɗin Deco na TP-Link kuwa 192.168.68.1, shi ya sa ba su cika karo ba, amma ka duba da idonka. Abin da hanyar farko take ci maka shi ne wasu saituna, kamar taƙaita wa yara lokaci, ba sa aiki a yanayin watsawa kawai. Idan Alhaji ya ce wannan yake so saboda 'ya'yansa, sai mu bi ta biyu, da sharaɗin kada a sake haɗa komai a jikin rautar sim sai mesh kaɗai.

Wani gargaɗi da na saya da tsada: kada ka taɓa danna ɗan ramin nan na mayar da akwatin kamfani sabo. Ina farkon wannan sana'a na yi haka a wani ofishi da yake kan eriya, don kawai na rasa kalmar shiga. Duk saitin da kamfanin ya zuba ya goge, aka kwana uku babu intanet kafin ma'aikacinsu ya zo, ni kuma na rasa kuɗin aikina da mutuncina a wurin.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi, wato wurin ajiye na'urorin. Abin da aka rubuta a kwalin mesh na faɗin da yake kaiwa an auna shi ne da gidaje masu bangon katako da allo. Namu bulo ne mai inci 9 da filasta ciki da waje, ga dakin mai rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga kwano a sama, kuma gidan Alhaji ba gini ɗaya ba ne: ɓangarensa daban, na uwargida daban, na amarya daban, ga tsakar gida a tsakani. Wayifai galibi a zango biyu yake tafiya, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma ba shi da gudu sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 yana da gudu amma bango biyu na siminti sun isa su karya shi. Kuskuren da masu koyo suke yi shi ne su kai na'ura ta biyu cikin ɗakin da babu siginal su ajiye, suna zaton za ta haifar da shi. Ba ta iya ba da abin da ba ta samu ba. A tsakiyar hanya ake ajiye ta, inda take jin ta farko da ƙarfi, a sama kamar kan kabad, ba bayan talabijin ko kusa da firji ba.

Ko an ajiye daidai, mesh mai zango biyu da yake magana da ɗan'uwansa ta iska yana rasa kusan rabin gudunsa a kowane tsalle, domin rediyo ɗaya ne yake karɓa yake kuma miƙawa. Shi ya sa a gida irin wannan ba na yarda a bar su a iska. Kebul za mu ja, Cat6, daga babbar na'ura zuwa kowane ɓangare, kada tsawon ɗaya ya wuce mita 100. Wanda zai ratsa tsakar gida a cikin fayif za mu binne shi, ba a rataye a rana ba, domin zafin Maris da Afrilu na garin nan yana busar da robar kebul na cikin ɗaki ta tsattsage, ga kuma tsawa da damina. In ka je sayen kebul ka kankare waya ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyum ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu abinsu. Idan kana matse kan kebul kuma, ka tabbata dukkan wayoyi 8 sun shiga, ka gwada da abin gwaji, domin idan ɗaya ta kuskure layin yana iya faɗowa zuwa megabit 100 maimakon 1000 ba tare da ya mutu ba, ka yi ta neman laifi a wani wuri.

Maganar wuta gajeriya ce. Kowace na'ura tana son soket ɗinta, kuma idan babbar ta mutu sauran ado ne. Ka duba ko soket ɗin yana kan layin inbata. Idan ba ya kai, ƙaramin batir na rauta zai wadatar, muddin ƙarfinsa ya dace da abin da aka rubuta a jikin cajar na'urar.

Da mun isa ranar Asabar, kafin ka buɗe kwali, ka haɗa kwamfuta da rautar sim ta kebul ka auna gudun a gaban Alhaji, ka rubuta adadin. Mesh ba ya ƙara ko megabit ɗaya a kan abin da kamfani yake kawowa, raba shi kawai yake yi ya kai lungu, kuma gara ya ji haka daga bakinmu tun kafin ya biya. Idan adadin ya yi ƙasa, mu fara da matsar da rautar kusa da tagar da ta fi samun sabis. Sunan wayifai da kalmar sirri ka sa irin na da, harafi da harafi, don wayoyin gidan su hau da kansu ba sai an bi ɗaki-ɗaki ba. Asusun manhajar mesh kuma da imel ɗin Alhaji za a buɗe shi a wayarsa, ba taka ba. Ka zo da abin matse kan kebul, da abin gwaji, da tsani, da fayif mai inci ɗaya guda shida.