Babi na Biyu: Jeri Kika Yi Ko Bita?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu. Mai duba aikina ya dawo mini da babin bitar ayyukan da suka gabata, ya ce jeri na yi, ba bita ba. Ina gyaran yake? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Malama, wataƙila kin bi marubuta ɗaya bayan ɗaya: wane ya ce, wance ta ce. Rushe wannan tsari. Ki zana jadawali mai gida biyar: marubuci da shekara, tambayar bincikensa, hanyar da ya bi, abin da ya gano, da inda ya gaza. Ki cika shi da ayyuka 25 zuwa 30 daga Google Scholar (shafin neman ayyukan ilimi a intanet) da AJOL (rumbun mujallun ilimi na Afirka a intanet), kuma kada ki raina kundayen da ke ajiye a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, domin da yawansu ba sa intanet.

Sannan ki haɗa ayyukan bisa jigo. Su wa suka yi ittifaƙi? Ina suka saɓa, kuma me ya jawo saɓanin? Gida na biyar shi zai nuna miki giɓin da bincikenki zai cike.

Abin da ba ki karanta da idonki ba, kada ki kafa hujja da shi. Ki riƙa adana madogara a manhajar Zotero tun ranar farko.