Ku Tambaya Mu Amsa: Tankin tirelata yana amayo ruwa tun bai cika ba

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ruwa suka faɗo, wato ruwan sha na tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya a tafi zango da shi. In dai wurin da zaka sauka babu famfon da zaka jona, babu wuta, babu magudana, to abin da ke cikin tankinka shi ne kawai naka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na sayi tirela ta hannu, takardarta ta ce tankin ruwan sha lita 150 ne. Mun fita zango mu huɗu na kwana huɗu a wurin da babu komai, kafin mu shiga na tsaya a famfo na zura tiyo na buɗe, ko minti biyar ba a yi ba ruwa ya fara dawowa ta bakin yana tartsatsi, geji ma ya nuna ya kusa cika, sai na rufe muka wuce. Wallahi rana ta biyu da yamma famfon wanke-wanke ya koma hura iska. Tankin ne ya huje ko ni ne ban iya ba? Kuma in ruwa ya ƙare dole sai na sake ɗaura tirelar na ja ta zuwa famfo? Daga wani sabon shiga.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya in tankinka ya huje, ni abin da nake zato shi ne tun farko bai cika ba, amai kawai ya yi maka kai kuma ka ɗauka ƙoshi ne.

Ka je jikin tirelar ka duba, yawanci baki biyu zaka gani. Ɗaya mai murɗi ne wanda ake ɗaura tiyo a matse, wannan na ruwan gari ne, ruwansa kai tsaye yake wucewa cikin bututun ɗaki ba ya bi ta tanki. Ɗayan kuma buɗaɗɗe ne mai murfi kamar na tankin mai, shi ne na zuba ruwa ya gangara da kansa. A gefen wannan buɗaɗɗen akwai wata 'yar ƙaramar kafa, wani lokacin da 'yar raga a kanta, mutane da yawa ba su ma san da ita ba, to ita ce hancin tankin. Tankin da kake cewa babu komai a ciki ai cike yake da iska, kowace lita ta shiga dole litar iska ta fita, in ka buɗe famfo har ƙarshe iskar ba ta samun hanya da sauri sai ta biyo ta bakin da ruwan ke shiga ta turo shi waje. Kamar dai ka cika kwalba mai ƙaramin wuya a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, zata yi ta ɓulɓul tana zubarwa alhali rabi ne a ciki.

Maganin farko mai sauƙi ne, ka rage famfon zuwa rabi ko ƙasa da haka, ka haɗa wa bakin tiyon ɗan siririn bututu mai laushi kamar kamu ɗaya da rabi wanda zai shige ciki sosai ya bar wa iska gefe. Kada ka cusa tiyo ya toshe bakin gaba ɗaya, kuma kada ka tafi ka bar shi yana zuba, tankin roba ne, in ƙarfin ruwa ya taru a ciki kumbura yake yi har ya lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe da shi. In ka rage kuma har yanzu yana amai to hancin ne ya toshe. Ni nawa ya taɓa yi min haka, na yi ta zargin tiyo, ashe zanzaro ne ya yi ɗakinsa na laka daidai cikin kafar lokacin da tirelar ke ajiye, da na sa 'yar waya na sosa sai ga busasshiyar ƙasa tana zubowa a tafin hannuna kamar cokali guda. Wani lokacin kuma bututun iskar ne ya lanƙwashe a bayan bango, ko ya yi ciki ruwa ya kwanta a wurin, sai ka buɗe ƙasan gado ko kabad ɗin da ke daidai wajen ka miƙar da shi.

Geji kuwa kada ka ba shi amana. Yawancinsu 'yan ƙusoshi ne aka dasa a jikin tankin a matakai, babu komai, ɗaya bisa uku, biyu bisa uku, cike, in tirelar ta ɗan karkata ko datti ya hau kansu sai su yi maka ƙarya. Ka yi lissafinka da bokiti da agogo. Misali bokitin lita 10 ya cika a daƙiƙa 40, ka ga famfon lita 15 yake bayarwa a minti kenan, tankin lita 150 zai ci minti 10. Kai ka ce ko minti biyar ba a yi ba, to in famfonka irin wannan ne abin da ka tafi da shi bai wuce rabi ba. Akwai ɗan mitan ruwa da ake ɗaurawa a bakin tiyo yana ƙirga lita, in ka samu ka huta da agogo.

Sannan ga wani wurin da ruwa ke ɓacewa ba a sani ba, hita. Hitar yawancin tireloli galan 6 take ci, kusan lita 23, in babu komai a cikinta da bututun, kana kunna injin tura ruwa zata zuƙe wannan daga tanki. Don haka tun kana gindin famfo, in tankin ya yi rabi ka shiga ciki ka kunna injin, ka buɗe famfon zafi da na sanyi har su daina tari ruwa ya miƙe, sannan ka fito ka ƙarasa cikawa. Kuma kar ka kuskura ka kunna hitar ta lantarki babu ruwa a ciki, nan take ƙarfen ɗumamawar zai ƙone. Ka leƙa ƙarƙashi ma ka tabbatar bawul ɗin zubar da ruwa a rufe yake, mai tirela ta hannu sau da yawa a buɗe yake barinsa in zai ajiye ta. Wasu tirelolin kuma bututun ambaliyarsu yana zuƙo ruwa a hanya in ana hawa da gangara, in kana ganin layin ruwa a bayanka a titi to shi ne.

Batun ƙari kuwa, a'a, ba sai ka tayar da zango ba. Ka kwance motar ka tafi da jarkoki, amma masu tsabta waɗanda ba a taɓa zuba mai ko sinadari a ciki ba. Matsalar dai bakin tankin yana sama daidai ƙirji, jarkar lita 20 kuma kilo 20 ce, ka ɗaga ta ka riƙe a kafaɗa tana ɓulɓul, mazurari yana zamewa, rabin ruwan a rigarka, kafin ta uku hannunka rawa yake. Na yi wannan wahalar sau ɗaya na ce ba da ni ba. In motarka a-kori-kura ce ka matso da ita ka ɗora jarkar a inda ta fi bakin tankin tsawo, ka sa tiyo ruwan ya gangaro da kansa. Abin da na fi so dai ɗan ƙaramin injin jan ruwa mai volt 12 da ake maƙala wa batir, tiyo ɗaya cikin jarka ɗaya cikin tanki, minti biyu zuwa uku jarka ta ƙare kana tsaye hannu a aljihu. Akwai kuma jakar ruwa ta roba mai naɗewa da ake shimfiɗawa a bayan mota, tana ɗaukar lita ɗari da wani abu a sawu ɗaya, in ta ƙare ka ninke ta kamar bargo.

Ko da tankin ya cika fa, lita 150 ga mutum huɗu kwana huɗu kusan lita 9 ne kowa a rana, sha da girki da wanka da bandaki duka. Wanka ɗaya na minti biyar shawa a buɗe lita 30 zuwa 40 ne. Ka jiƙa jiki ka rufe, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Kuma duk abin da ka ƙara a tankin sha ka tuna a tankin ruwan datti zai taru, shi ma yana da iyaka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana a wurin zubar da ruwan datti yake son cika mana tanki saboda akwai tiyo a rataye a wurin, ni kuma raina bai kwanta ba. Sannan ruwanmu ya fara wani wari, yara ba sa sha. Ko ruwan rafin da ke kusa da zango ya fi? Daga wata uwar gida.

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, gaskiyarki ce, ki tsaya a kan bakanki. Tiyon da ke rataye a wurin zubar da datti na wanke bututun masai ne, mutane cusa shi suke har cikin bututun, ko ruwan da ke fitowa mai kyau ne bakin tiyon ba mai kyau ba ne. Wurare da yawa suna da famfo na biyu can nesa kaɗan da aka rubuta na sha ne, wannan za ku nema, kuma da tiyonku za ku ɗiba, irin farin nan ko shuɗi da aka yi don ruwan sha. Tiyon ban ruwan fulawa yana sa ruwa ɗanɗanon roba, wasu ma akwai dalma a ƙarfen bakinsu. Ki goge bakin famfon da ruwan bilic, ki bar shi ya zuba kaɗan tukuna. In kun gama ku tsiyaye tiyon ku haɗa bakinsa biyu da juna, kuma kada ya kwana akwati ɗaya da kayan masai.

Rafi kam ban yarda ba. 'Yar matatar da ake ɗaurawa a tiyo yashi da ɗanɗano take cirewa, ba a yi ta don kashe ƙwayoyin cuta ba, in kuka zuba ruwan rafi a tanki kun ɓata tankin da bututun duka. In dole ta kama ku ɗebo a bokiti don zuba wa bandaki, na sha kuma a tafasa.

Warin nan alama ce tankin yana son wanki. Ki samu bilic na gida marar turare, ma'aunin da aka saba shi ne kwatan kofi ga kowane galan 15, wato kusan mililita ɗaya ga kowace lita, tankin lita 150 zai ci kamar mililita 160. Ki dama shi a bokitin ruwa kafin ki zuba, ba a zuba shi tsura, kuma kada ki haɗa shi da wani sinadarin wanki. A kashe hita, a cire matata in akwai, a cika tankin, a buɗe kowane famfo har ki ji ƙamshin bilic sannan a rufe a bar shi aƙalla awa 4. Daga nan a zubar, a cika a zubar sau biyu ko uku har warin ya tafi. In warin kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne kuma daga famfon zafi kaɗai yake fitowa, to hitar ce, ita za a zazzage a wanke.

TAMBAYA: Yaro, ni dattijo ne, motata ba babba ba ce. In cika tun daga gida ko in bari sai na kusa? Daga wani baba.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki cike da hita kusan kilo 170 kenan a kan irin tirelar mai tambaya ta farko. A duba takardar da ke manne a gefen tirelar ta gaba, an rubuta iyakar nauyin da zata ɗauka, ruwa yana cikin lissafin. A kuma duba inda tankin yake. In yana bayan tayoyi, cika shi yana rage nauyin da ke kan ƙugiyar da ke haɗa ta da mota, tirela kuma tana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya zauna a kan ƙugiyar, in ya gaza sai ta fara kaɗa wutsiya a gudu. Ni shawarata a tafi da ɗan kaɗan na bandaki da wanke hannu, a cika a famfo mai kyau na ƙarshe kafin a bar kwalta, amma a tabbatar tun daga gida cewa famfon yana aiki, don a ƙasashe masu sanyi rufe su ake yi lokacin hunturu kada bututu ya daskare ya fashe. In babu tabbas, Baba, gara a cika a gida a tafi a hankali.

TAMBAYA: Malam tawa sabuwa ce, baki mai murɗi kawai gare ta, babu buɗaɗɗen. Ta ina zan zuba jarka?

AMSA: Ƙanena, irin taka akwai allon bawul a cikin akwatin gefe, da hoto a jikin ƙofar yana nuna yadda ake juya hannayen. Akwai saitin cika tanki daga famfo, a nan ka sa abin rage ƙarfin ruwa a bakin famfon tukuna. Da yawansu kuma suna da saitin da injin tirelar da kansa zai zuƙo daga jarka ya kai tanki, shi ne wanda ake wankin tanki da shi, sai ka ɗaura gajeren tiyo ka tsoma a jarkar ka kunna. Tiyon ya zama gajere, jarkar a ɗora ta kan ɗan tebur, in ya ƙi ja ka cika tiyon da ruwa da hannu kafin ka tsoma. In taka ba ta da wannan saitin, ƙaramin injin batir ɗin nan zai tura ta bakin mai murɗi. Kana gamawa ka mayar da hannayen saitin zango, wato wanda injin ke kai ruwan tanki zuwa famfon ciki, in ka manta injin zai yi ta kuka yana juya ruwa daga tanki zuwa tanki, famfon ciki ko ɗigo babu.