Ga mai son sayar da gidan gado don ya zo karatu Ingila

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a wajen Landan, kuɗin makaranta fam 16,000, za a fara a watan Satumba. Ka ce gidan da marigayi mahaifinku ya bari a Kano, wanda ke hannun 'yan haya, dillalai sun ƙiyasta zai kai naira miliyan 50 in aka jira, amma wani alhaji ya taya miliyan 38 kuma zai biya a mako guda. Tambayarka ita ce ka sallama ko ka bar wa dillalai.

Kada ka sallama a wannan farashi. Kuma kafin mu zo kan alhajin, akwai lissafin da nake so ka yi, domin ina ganin gidan ba zai kai ka inda kake zato ba.

Hukumar da ke ba da biza a nan ba ta karɓar gida a matsayin shaidar kuɗi. Tana son ta ga kuɗi zaune a asusun banki, naka ko na iyayenka, kwana 28 a jere, ba tare da ya ragu ƙasa da abin da aka ƙayyade ba ko da rana ɗaya. Abin da aka ƙayyade shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata 9. Tun Nuwamba 2025 kuɗin zaman ya koma fam 1,171 a wata ga wanda ke wajen Landan, wato fam 10,539. Sai kuɗin kula da lafiya, fam 776 a shekara, wanda ga karatun wata 12 yakan kama fam 1,164 saboda bizar takan zarce shekara. Sai kuɗin bizar kanta, fiye da fam 500. Ka haɗa duka da kuɗin makarantarka, ka haura fam 28,000, ba a sa tikitin jirgi da gwajin tarin fuka ba. A canjin da aka riƙa yi a 2025, kusan naira 2,000 kan fam ɗaya, wannan ya wuce miliyan 55. Ko an sayar da gidan a miliyan 50 bai kai ba.

Kuma gidan ba naka ba ne kai kaɗai. Ka ce akwai Hajiya da ƙannenka mata biyu. In babu wasu magada, kuma an biya bashin mamaci da wasiyyarsa, Hajiya na da tumuni, sauran a raba huɗu, ka ɗauki biyu, kowace ƙanwa ta ɗauki ɗaya. Rabonka a miliyan 50 bai cika miliyan 22 ba. A miliyan 38 bai cika 17 ba. Waccan miliyan 12 da za a bar wa alhaji, miliyan ɗaya da rabi na Hajiya ne, kowace ƙanwarka kuma ta yi asarar fiye da miliyan biyu da rabi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Saurin naka ne, amma fiye da rabin asarar su za ta hau. Na san za ka ce sun yarda. Uwa ba ta cika hana ɗanta ba, ƙanwa kuma takan ji nauyin yayanta. Ka zaunar da su a gaban wani babba na dangi, ka rubuta waɗannan lambobi a takarda su gani, sannan a sake tambayarsu. In rabonsu za ka ɗauka, a rubuta shi bashi ne, da shaidu, da lokacin biya. Ka kuma sani cewa a mazhabar Malikiyya, in ka sayar wa bare da naka kason alhali ba a raba gidan ba, abokan gadonka na da haƙƙin shufu'a, wato su karɓe shi a farashin da aka sayar.

Yanzu batun alhaji. Ba na cewa macuci ne. Kasuwa yake yi, kuma irinsa suna nan Ingila da kamfanoni masu talla cewa za su sayi kowane irin gida cikin 'yan kwanaki. Yawanci sukan biya kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari na darajar gidan, tayin alhajinka kuwa kashi 76 ne. Amma a nan akwai dalilin da zai sa mutum ya haƙura da wannan ragi. Mafi yawan masu saye da rancen banki suke saye, sai banki ya aiko a duba gidan, lauyoyi su yi bincike, abin ya ɗauki watanni. Har zuwa ranar da aka yi musayar takardun yarjejeniya kowa na iya janyewa, kuma sau da yawa mai sayen naka yana jiran a sayi nasa gidan ne, in nasa cinikin ya rushe naka ma ya rushe. Mai tsabar kuɗi yana raba ka da duk wannan.

A Kano fa? Kusan duk mai sayen gida da kuɗinsa yake saye. Wanda dillali zai kawo maka bayan wata uku shi ma mai tsabar kuɗi ne. To me alhaji ya ba ka da har zai ci miliyan 12? Mako guda kawai. Ya ji kana da ranar da ta matse ka, ya yi tayinsa a kan wannan ranar. Shi ya sa kuskure ne dillalai su san don me ake sayarwa. Da zarar an ce yaron ne zai tafi waje, farashi ya faɗi.

Jira ma yana da nasa tsada, ban ɓoye maka ba. Hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda ta zube. Mai sayen da zai ce miliyan 50 amma ya ba da kafin alƙalami, sauran kashi-kashi cikin shekara, zai iya zama ya fi alhaji cutar da ku. Ga la'adar dillalai, wadda dole a yanke ta tun farko a rubuta. Saboda haka abin nema shi ne biya lokaci ɗaya, ta banki, a farashin da mutum uku ko huɗu suka yi takara a kai. Ku ba dillalai biyu ko uku da aka sani a unguwar, ku sa musu wa'adi, ku tuntuɓi maƙwabta da 'yan hayar da ke ciki, don su ne sukan fi son gidan. In bayan wannan mafi girman tayi bai yi nisa da na alhaji ba, kun san ƙiyasin dillalai ne ya yi yawa, sai ku sallama da natsuwa.

Abin da ya fi jawo mai saye da daraja shi ne takardu. In gidan na da satifiket na gwamnati, ku je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, a tabbatar da shi. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da irin wannan mallaka ga wani, kuma satifiket ɗin da sunan marigayi yake, don haka kuna buƙatar takardar rabon gado daga kotu. Mai saye na gaskiya zai nemi waɗannan. Wanda ya ce ba komai a bar su, ya riga ya cire kuɗinsu daga tayinsa. Ka ajiye yarjejeniyar ciniki da shaidar shigar kuɗi, domin jami'a ko masu biza na iya tambayarka inda kuɗin ya fito.

Kada kuma ka dogara da cewa in ka iso za ka yi aiki ka cike giɓi. Ɗalibi awa 20 a mako aka yarje masa lokacin karatu. A mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2025, fam 12.21 a awa, abin da zai samu a wata bai kai fam 1,171 ɗin da gwamnati ta ce na zama ne ba, balle ya biya makaranta. A 2024 ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside sun kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Wanda ya sayar da gida ya zo ya shiga wannan hali, ba digiri, ba gidan.

Sauri ya haifi nawa. Jami'o'i da yawa a nan suna ɗaukar ɗalibai a Janairu, kuma sukan yarda a ɗaga gurbi zuwa zango na gaba in an nema a rubuce. Ka rubuta musu a makon nan kafin ka biya ko sisi, ka tambayi sharuɗɗan ɗagawa da na mayar da kuɗin ajiya, ka kuma tambaya ko suna da ragi ga ɗaliban Najeriya. In ka samu amsarsu ka turo mini mu duba tare, sannan a koma kan maganar gidan. Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya jiƙan Baba.