Hukuncin Tara Tsofaffin Littattafan Zane na Kaboyi da Cinikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Amurka ne, kuma kusan shekara goma ke nan ina tara tsofaffin littattafan labari cikin zane da ake kira komik, musamman na kaboyi waɗanda aka buga tsakanin 1940 da 1960. Wasu na saye su don sha'awa, wasu kuma na ajiye ina jiran su yi tsada. Wani abokina ya ce haramun ne saboda hotunan mutane da dawakai da ke ciki, har ya ce mala'iku ba sa shiga gidana. Mene ne hukuncin ajiye su da sayar da su, kuma akwai zakka a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, ajiye waɗannan littattafai da cinikinsu halal ne a asali, kuma wurin da na fi jiye maka tsoro shi ne mu'amalar kuɗi da abin da labaran ke koyarwa, fiye da zanen da abokinka ya tsaya a kansa.

Maganar abokinka tana da tushe, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto, kuma Imam Nawawi ya bar hadisin a kan gamewarsa. Sai dai a cikin ruwayar Abu Ɗalha, Allah Ya yarda da shi, an keɓe zanen da ke jikin tufa, sannan Nana A'isha ta yanka labulen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi saboda hotunansa, ta mayar da shi matasan kai, aka ci gaba da amfani da su a ɗakin. A kan irin waɗannan dalilai malaman Malikiyya suka rarrabe: abin da ya haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakken gaɓoɓi, mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango kuwa makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuma ba a girmama shi ba, barinsa ne kawai ya fi. Imam Khaɗɗabi, malamin hadisi, ya fassara hadisin mala'iku da hotunan da aka haramta ajiyewa. Littafin da ke rufe cikin leda, a jere a akwati, ya yi nisa da siffar da aka hana. Saboda haka ka bar su a rufe, kada ka sa bangon littafi a gilashi ka rataye a falo, kuma kada ka ajiye su a buɗe ta fuskar alƙibla a inda kake salla. Duk wanda ke ɗauke da tsiraici ka fitar da shi daga taskarka, kuma kada ka ci kuɗinsa.

Wani zai tambaya ta yaya tsohuwar takarda za ta zama dukiyar da shari'a ta yarda a saya da tsada. Amsar tana cikin tarihin abin. An buga su a kan takarda mai arha da ke saurin rawaya tana karyewa, ana sayar da su senti goma, yara su karanta su yar. A lokacin yaƙin duniya na biyu an tattara takardu masu yawa don sake sarrafawa, daga baya kuma aka yi ta ƙyamar komik a Amurka har wasu garuruwa suka ƙona su a fili, lamarin da ya kai ga zaman sauraron majalisar dattawa a 1954. Kaɗan ne suka tsira lafiya, kuma ƙarancin ne ya sa fitowar farko ta komik mai suna Action Comics ta 1938 ta kai dala miliyan 6 a gwanjo a 2024. Tsadar da ta samo asali daga ƙaranci da buƙatar mutane abu ne da al'ada ta sani, kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta halatta ciniki bisa yardar juna. Amma halaccin farashi bai ɗauke maka hisabi ba. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba ya bayyana cewa Allah Yana ƙin tozarta dukiya, aya ta 67 a Suratul Furƙan kuma ta yabi masu tsakaitawa wajen ciyarwa. Idan akwai bashi a kanka, ko ciyar da iyali ya yi rauni, ko iyaye da 'yan'uwa a gida suna cikin buƙata, to sayen littafin dala dubu don sha'awa almubazzaranci ne a haƙƙinka, ko da halal ne ga wani.

Gwanjo ya halatta a wurin jumhurin malamai. Abin da aka hana, kamar yadda Ibn Umar ya ruwaito, shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma wannan ya haɗa da sa aboki ya riƙa tayawa a intanet. Haka nan algus: a wannan kasuwa ana ƙara wa bango launi, ana datse gefen shafi, ana liƙe yagewa, ana ɗauko shafi daga wani kwafi a haɗa. Gyara ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ha'inci, kuma hadisin tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya shafe shi kai tsaye. Littafin da kamfanin tantancewa irin CGC ya ba shi maki tsakanin 0.5 da 10 ya rufe shi cikin roba, ya halatta a saye shi ba tare da buɗewa ba, domin ya yi kama da cinikin da Imam Malik ya halatta a Muwaɗɗa, inda ake sayen dilar kaya bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, idan kuma siffar ta saɓa mai saye yana da zaɓi. Amma ƙunshin da ake sayarwa a rufe ba tare da siffantawa ba, kana biya kana fatan dace da mai tsada, wannan garari ne, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, mai kusanci da caca, ka nisance shi.

Game da zakka, waɗanda ka saya don ajiya da karatu babu zakka a kansu komai tsadarsu, kamar kayan ɗakinka. Waɗanda ka saya da niyyar riba kayan fatauci ne, kuma siffar da ka faɗa ita ce ta mai jiran kasuwa. A mazhabar Malik, irin wannan yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne a lokacin da ya sayar, bayan shekara ta zagayo, idan kuɗin ya kai nisabi, wato ƙimar zinare giram 85, sai ya ba da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Sauran mazhabobi uku sun ce a ƙiyasta kayan duk shekara, kuma Malikiyya ma haka suka ce ga wanda ke juya kaya kullum. Ka raba akwatunan biyu, ka rubuta wanne ne na me, don kada niyya ta rikice maka ko ta rikice wa magada.

Saura abin da ke damuna a zuciya. Da yawa daga cikin labaran kaboyi na wancan zamani sun nuna 'yan asalin Amurka a matsayin mahara marasa tausayi, alhali su ne aka kora daga ƙasarsu da dokar tayar da su da gwamnatin Amurka ta kafa a 1830, dubbai suka mutu a hanyar hijirar dole, aka kuma kashe maza da mata da yara a wani wuri da ake kira Wounded Knee a 1890. Musulmi ba ya yi wa zalunci tafi ko da a cikin labari ne. Babba mai hankali zai iya riƙe littafin a matsayin shaidar yadda wata al'umma ta ba wa kanta labari, ya kuma yaba gwanintar mai zanen doki da daji. Yaro kuwa yana ɗaukar wanda ya yi nasara a matsayin mai gaskiya. Idan 'ya'yanka za su karanta, ka zauna da su, ka faɗa musu ƙasar wane ne aka ƙwace, kuma littafin da ka ga ƙasƙancin da ke cikinsa ya yi yawa ka ɗauke shi daga inda hannunsu zai kai.

Allah ne Mafi sani.