Fanken tuffa mai farin sukari: abin da ke sa ya ƙone a waje cikinsa ɗanye

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki, na kuma duba hoton da kika ɗora. Kin ce kin gwada fanken tuffar nan da ake lulluɓewa da farin sukari, sai bayansa ya yi baƙi, kika gutsura kika tarar da ɗanyen kwaɓi a tsakiya, ya sha mai, sukarin kuma ya narke ya taru a gindin faranti. A ƙarshe kika ce ai kin buga kwaɓin sosai, kin rufe kin ajiye a rana ya tashi kamar yadda aka saba. To a nan gizo ke saƙar. Hannun fanke kika sa masa, shi kuwa suna kawai ya ara. Muna ce masa fanke ne don ba mu da wani sunan da za mu kira shi, amma kusan duk abin da ke gyara fanke shi ke ɓata wannan.

Fanke da yis ake yinsa, yis kuwa yana son bugu da ɗumi da lokaci. Bugun ke fito da danƙon fulawa, danƙon ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa cikin fanke ke zama kamar soso. Na tuffa da bekin foda ake yi. Shi bekin foda da ya taɓa ruwa ya fara aiki, sauran ƙarfinsa kuma sai ya ji zafin mai. In kwaɓin ya yi awa guda a rana, ƙarfin na tafiya a banza tun ba ki ɗora tukunya ba. Duk tsawon zaman nan kuma sukarin da ke ciki yana tsotso ruwan tuffar, kwaɓin da kika bari da kauri ki dawo ki same shi ya tsinke. Tsinkakken kwaɓi kuwa shi ne mai shan mai. Bugun da kika yi masa shi zai sa in ya huce ki ji shi yana ja kamar roba.

Bari mu ɗauko shi daga tuffar kanta. In kin je wajen masu kayan marmari, ko a Babbar Kasuwa ko masu jera kaya a bakin titi, ki nemi koriyar nan mai tsami, wadda wani lokaci ake manna mata 'yar takarda mai ɗauke da sunan Granny Smith. Yawancin tuffar da ake kawo mana daga Afirka ta Kudu take zuwa, ta daɗe a hanya da ɗakin sanyi kafin ta iso Katsina, don haka ki danna ta da yatsa kafin ki biya. In ta lotsa, ko fatar ta fara yamutsewa, bar musu kayansu. Koriyar namanta na da ƙwari, ba ya dagargajewa a wuta, tsaminta kuma shi ke karya zaƙin sukarin da za a zuba a kai. Jar nan mai duhu wadda ke yin gari-gari a baki ta ci ce ɗanya. In ta shiga mai ruwa take zama, a ci a rasa inda tuffar ta shiga. In ja kawai kika samu, zaɓi mai ratsin ja da rawaya mai tauri, ki ƙara mata lemon tsami.

Ki fere ta, ki cire tsakiyar da 'ya'yan, ki yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, kada su wuce girman gurjiya. Manyan yanka ba sa nuna a cikin minti biyar ɗin da fanken zai yi a mai, kuma kwaɓin da ke kewaye da su shi ne wanda kika tarar ɗanye, don ruwan tuffar na hana zafi ratsa shi. Kada kuma ki goge ta a abin gugar kuɓewa, gogaggiyar tuffa ruwa ce zalla. Da kin gama yanka ki matse mata lemon tsami cokali ɗaya ki gauraya don kada ta yi ja, sannan ki baza ta a kan tsumma mai tsabta ki tsane. Kada ki barbaɗa mata sukari tukuna. Masu son ta yi laushi sosai suna soya ta sama-sama a cokali ɗaya na bota da ɗan kirfa na minti 3 zuwa 4, ruwan ya ƙone, su bar ta ta huce sarai. A ganina ga mai koyo wannan ya fi, domin yana kawar da rabin matsalar tun a farko.

Ga awon da zai ba ki guda 10 zuwa 12. Fulawa kofi ɗaya da rabi, wajen giram 190. In da gwangwanin madara kike awo, gwangwani biyu da kwata ne, a shafe baki ba tsororuwa ba. Sukari babban cokali 4, bekin foda cokalin shayi 2, gishiri rabin cokalin shayi, garin kirfa cokalin shayi ɗaya, gyaɗar ƙamshi ɗan abin da yatsu biyu za su ɗiba. Sai ƙwai 2, madara rabin gwangwani, narkakken bota babban cokali 2, tuffa kuma manya 2, ko uku zuwa huɗu in irin ƙananan nan ne. Na san za ki ga sukarin kamar ya yi kaɗan. Kada ki ƙara. Sukari ke sa abu saurin yin ja a mai, kwaɓi mai yawan sukari yana ƙonewa a waje tun cikinsa bai ji wuta ba, zaƙin kuma ai yana zuwa daga sama. Haka madarar ruwa ta gwangwani: in kika zuba ta yadda take tana sa shi saurin duhu, sai ki sirka rabi madara rabi ruwa. In ta gari ce, cokali ɗaya da rabi a dama a rabin gwangwanin ruwa ya isa.

Ki gwada bekin fodarki kafin ki amince da ita, musamman wadda aka buɗe tun kafin damina. Zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru a zubar. Kada ki maye gurbinta da bekin soda haka kawai, soda na buƙatar abu mai tsami, in babu sai ki ji ɗanɗanon sabulu. Amma in kina da kindirmo, kina iya sa shi a madadin madara, ki rage bekin foda zuwa cokalin shayi ɗaya ki ƙara kwatan cokalin shayi na soda. Wannan ma ya fi laushi.

Haɗin ba ya wuce minti biyu. Tankaɗe fulawa da sauran busassun kaya a kwano ɗaya. Kaɗa ƙwai da madara da bota a wani. Juye ruwan cikin garin, ki juya da cokali har garin ya ɓace, shi ke nan. In kin ga 'yan gudaji rabu da su, za su baje a wuta. Sai ki zuba tuffar ki juya sau biyar ko shida. Kwaɓin zai yi miki kamar tuffar ta fi shi yawa, haka ake so. Kaurinsa kuma ya zama in kin ɗebo a cokali kin karkata, yana faɗowa a dunƙule a hankali, ba ya zuba kamar kunu. Abin da ya fi muhimmanci, kada tuffa ta shiga kwaɓi sai mai yana kan wuta.

Yanzu sai mai, wanda shi ne gaba ɗayan aikin. Ki samu tukunya mai kaurin gindi, ki zuba mai zurfin yatsu uku a jere, wajen santimita 5, amma kada ya wuce rabin tukunyar domin ruwan tuffa na sa shi tasowa. Man ya zama sabo, mara wari. Wanda aka soya kifi ko nama ko ƙosai a ciki zai bi fanken da ƙamshinsa. Man ƙuli kuma yana da ƙarfin wari, yana kumfa, yana saurin hayaƙi. Dabarar da muka saba ta jefa masa albasa ba ta aiki a nan, don babu mai son tuffa mai ƙamshin albasa. Tataccen man gyaɗa ko na waken suya shi ya dace.

Zafin da ake nema digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salsiyos. In ba ki da ma'auni, ɗiga ɗan kwaɓi kamar ƙwayar masara. In ya nutse kaɗan ya taso cikin daƙiƙa biyu ko uku yana 'yan kumfa kewaye da shi, ya kuma ɗauki kusan minti ɗaya kafin ya yi ruwan zuma, man ya yi. In ya zauna a ƙasa shiru, da saura, kuma duk abin da kika sa a irin wannan man sha zai yi. In ya taso nan take ya yi duhu kafin ki ƙirga ashirin, ko kika ga hayaƙi, ya zarce. Sauke tukunyar ta ɗan huce. Hotonki ya nuna min abu biyun duka sun same ki: na farkon sun shiga man da ya zarce suka ƙone, sai kika rage wuta da yawa kika cika tukunyar, na bayan suka sha mai. Uku ko huɗu kawai ake sawa a lokaci guda, domin kowane kwaɓi da ya shiga yana sauke zafin man. Bayan kowace kwasa ki tsame ɓurɓushin da ya rage, in ba haka ba ya ƙone ya ba man ɗaci, sannan ki jira kamar minti ɗaya zafin ya dawo. A gas wuta matsakaiciya ce. A gawayi kuwa bari ya ruru ya zama garwashi tukuna, kada ki yi fifita alhali fanke na cikin mai.

Ga inda hannun fanke ke yin ɓarna ta ƙarshe: mulmulawa. Wannan ba a sakinsa a dunƙule kamar ƙwallo. Ɗebi babban cokali biyu a cike da tsororuwa ki ɗora a kan faffaɗan cokalin suya da kika shafa wa mai, ki danna shi ya baje, kaurinsa kada ya wuce na babban yatsa, sannan ki zame shi cikin man a hankali daga gefe. Siffarsa za ta fito a karkace, nan tudu nan kwari, kuma waɗannan kwarurrukan su ne ke riƙe sukari daga baya. Minti biyu zuwa biyu da rabi kowane gefe, juyi ɗaya tak. Na farkon da kika tsame ki raba shi biyu ki duba cikinsa kafin ki ci gaba. Tsinken sakace yana iya yaudarar ki, don in ya soki tuffa zai fito da danshi ko da fanken ya nuna. Farin kwaɓi mai manne wa tsinke shi ne alamar da saura. Ki tsane su a gwagwa ko kan raga, kada ki jibga wani kan wani. Yara kuma su yi nisa, man nan yana fantsama fiye da na fanke.

Sai farin sukarin kai. Garin sukarin da masu kek ke amfani da shi ake sawa, wanda ake samu a shagunan kayan kek. Tankaɗe gwangwani 3, ki zuba madara babban cokali 3, banila rabin cokalin shayi da ɗan gishiri kaɗan, ki juya. In ya yi kauri ƙara cokali na huɗu da kaɗan-kaɗan, don ɗigo kaɗan ke tsinka shi. Daidai ɗinsa shi ne ki tsoma cokali ki ɗaga, ya rufe bayan cokalin fari, ki ja layi da yatsa layin ya tsaya ɗan lokaci kafin ya haɗe. In ba ki samu garin ba, niƙa sukari a ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya, da cokali ɗaya na konfulawa a kowane kofi, ki tankaɗe sau biyu. Sukarin da ba a niƙa ba ba ya narkewa a madara mai sanyi, tsakuwa-tsakuwa zai yi a baki.

Lokacin tsomawa shi ya narkar da naki. In fanken na tururi, sukarin zai zama ruwa ya gangare. In ya huce sarai kuma, sai ya zauna masa da kauri kamar an shafa fenti. Ki ba shi minti 3 zuwa 5 bayan tsamewa, lokacin da za ki iya riƙe shi da yatsu amma kina jin ɗuminsa. Tsoma fuska ɗaya, ki juya ɗayar, ki ɗora a kan raga da tire a ƙasa. Cikin minti 15 zuwa 20 zai bushe ya yi ɓawo siriri mai fashewa in an ciza. Da hunturu yana bushewa tun a kwano, sai ki riƙa rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma. A watan Agusta kuwa, da iska ke cike da laima, yana jinkiri ya yi ta naso. Rage madarar, ko ki dama da ruwan lemon tsami da ruwa a madadinta. Ruwan sukarin dublan da na alkaki wani abu ne daban, shi jiƙa abu yake ya bar shi da danƙo, ba zai ba ki farin ɓawon nan ba.

Kada ki zuba shi a kula ko leda da ɗuminsa, tururin zai narkar da duk abin da kika yi. Firij ma gumi yake sa shi. Abin ci ne na ranar; in ya kwana, a bar shi a kwano da murfi a ɗan buɗe, kada ya wuce kwana biyu. In na buɗa-baki ne, haɗa busassun kayan tun da rana ki ajiye, tuffar kuma ki yanka bayan la'asar, ki soya saura kamar minti arba'in a kira sallah. In za ki kai gidan biki ko suna, soya ki tsoma a gida, ki jera su layi ɗaya a faffaɗan tire, ki rufe da abin da iska ke ratsawa.

In tuffa ta yi tsada, mangwaron da bai gama nuna ba yana shiga wannan kwaɓin daidai, haka abarba in an yanka an matse ruwanta sosai a tsumma. Kina iya kuma rage tuffar ki cike da yankakken dabino, amma in kin yi haka sai ki rage sukarin kwaɓin zuwa cokali biyu, ki kuma ɗan sassauta wuta, don dabinon da ya leƙo waje yana saurin ƙonewa.