Kurajen fuska sun dawo bayan na daina shafa mai, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 21, kuma tun ina sakandare nake fama da kurajen fuska. Wata ƙawata ta haɗa mini mai, da na fara shafawa suka kwanta, amma da na daina sai suka dawo fiye da da, ga baƙin tabo duk kumatuna. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kurajen fuska ba alamar ƙazanta ba ce. Daga lokacin balaga fata kan ƙara fitar da maiƙo, idan kuma maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, sai ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a jikin fata su yi yawa a ciki, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya tara mugunya.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne man nan. Sau da yawa irin wannan haɗi na gyaran fata yana ɗauke da sinadarin sitiyarod, kamar Betamethasone ko Clobetasol, wanda yakan kwantar da kumburi cikin 'yan kwanaki har mutum ya zaci ya warke, alhali yana siranta fatar, yana kuma haifar da sababbin kuraje. Kada ki koma masa, ko da fuskar ta ƙara rikicewa a makonnin farko, domin hakan yakan faru kafin fata ta daidaita.

Ki riƙa wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, ba tare da dirzawa da soso ba, kuma ki kiyaye kada man kitso ya riƙa gangarowa goshinki. Maganin farko da nake ba da shawara shi ne Benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, a shafa kaɗan sau ɗaya a rana. Sai dai yana kashe launin tufafi, don haka ki kula da mayafinki da rigar matashi. Wani maganin kuma mai suna Adapalene, da ake shafawa da dare, yana buɗe ƙofofin da suka toshe, amma ba a amfani da shi ga mai juna biyu. Waɗannan magunguna suna buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai, kuma a nan ne mutane da yawa suke gajiya su watsar.

Baƙin tabon kuwa, fata mai duhu ta fi saurin yin sa, kuma matse kurji da zafin rana suna ƙara masa duhu, amma yakan dushe a hankali cikin watanni idan an daina taɓawa.

Idan kurajen manya ne masu zafi a ƙarƙashin fata, ko al'adarki tana rikicewa tare da fitowar gashi a haɓa, ki ga likitan fata, domin hakan yana buƙatar bincike da maganin sha.