Na yi feshi sau uku amma ganyen firez ɗina sai ƙara bushewa yake, mene ne abin yi?

Tambayar ta fito daga wani mai garka a wajen Mirriya. Ya ce: "Assalamu alaikum malam. Bana na gwada noman firez, wanda ƴan Najeriya ke ce ma sitiroberi, na dasa a watan Nuwamba, ya kama da kyau har ya fara ƴaƴa ina kai ma masu saye a cikin Damagaram. To daga ƙarshen Janairu ganye ya fara ɗigo-ɗigo fari, yana komawa kamar tsatsa, akwai ƴar saƙa a ƙarƙashi. Na fesa maganin da muke sa ma wake har sau uku, abin sai gaba yake. Wasu ƴaƴan kuma suna ruɓewa da furfura a jikinsu, wasu gindin kuma ka kwana lafiya ka tashi ka tarar sun yi yaushi. Da arozuwa nake ban ruwa safe da marece. Wane magani zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya sa albarka. Kafin ka ƙara kai ko dala wurin mai magani ka ajiye famfon feshin nan tukuna, don abin da ka lissafa matsala uku ce daban daban, ba maganin da zai ɗauke su a tashi ɗaya, kuma ta farkon ina da ƙarfin zaton maganin waken nan ne ya ƙara hura ta.

Ɗigo-ɗigon nan da saƙa a bayan ganye aikin jan gizo-gizo ne, wanda masu tumati suka sani sarai. Ka tabbatar da kanka, ba sai an kira kowa ba: ka samu farar takarda ka tara ƙarƙashin ganye ka kaɗa ganyen da yatsa, za ka ga wasu ƴan ƙura-ƙura sun zubo, ka ɗan jira za ka ga ƙurar tana tafiya, in ka murje da yatsa ta bar zane a takardar, to shi ne. A bayan ganye yake zama yana tsotse ruwan ganyen, shi ya sa daga sama sai ɗigo kawai kake gani har ganyen ya yi kalar tsatsa ya bushe. Yana son zafi da iska busasshiya da ƙura, iskar da ƙurar kuwa su ne daidai abin da hunturu ke kawo mana, kuma da zafi ya fara shigowa a Fabrairu daga ƙwai zuwa babba mai yin nasa ƙwan sati ɗaya ne zuwa kwana 10, macen guda tana iya zuba ƙwai wajen 100, ka ga lissafin da kanka.

Maganin wake da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci irin su lamda-sihalotirin ne ko sifametirin ko deltametirin, an yi su ne don tsutsa da ƙwari masu ƙafa shida. Gizo-gizon nan ƙafa takwas gare shi, ba danginsu ba ne, maganin ba ya yi masa wani abin kirki, amma yana kashe ƙananan ƙwarin da ke cin gizo-gizon da ƙwansa. To ka kashe makiyansa ka bar shi shi kaɗai cikin abinci, feshi na biyu da na uku sai suka ƙarasa ɗan abin da ya rage. Wannan ba kai kaɗai ba ne, ko'ina ake noman firez a duniya an san wannan.

Abin yi yanzu. Ka fara da hannu, ka tsinke tsofaffin ganyen ƙasa da waɗanda saƙa ta rufe, ka zuba a buhu tun a wurin, kar ka ratsa garka da su a buɗe, ka kai waje ka ƙone ko ka binne. Ka duba abin da ke kewaye da fangalin, in akwai tsohon tumati ko yalo ko gauta da aka gama tsinka aka bari tsaye, a tuge su, haka ciyawar bakin shinge. In garkar tana bakin hanyar da amalanke da babura ke tada ƙura, ka kafa zana ta ɓangaren da iska ke fitowa, gabas da arewa, kuma ka riƙa yayyafa ruwa a hanyoyin tsakanin fangali. Sannan feshi. In abin bai yi nisa ba ƴaƴan dogon yaro suna aiki, ka daka busassu wajen rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, ka tace da kyalle mai laushi, ka sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ka fesa da marece. In ya yi nisa kamar yadda ka faɗa sai ka nemi maganin gizo-gizo na ainihi, wanda aka fi samu a nan shi ne mai abamektin a ciki. Amma ko wanne ka ɗauka, ka juya bakin famfon sama ka jiƙa bayan ganye, wanda ya fesa saman ganye kawai ya yi asarar kuɗinsa. Kuma abamektin ba ya kashe ƙwai, dole ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 don ka kama waɗanda suka ƙyanƙyashe. Kar ka wuce sau biyu a jere da abamektin, gizo-gizon nan yana saurin sabawa da magani. Da marece ake yi saboda rana tana lalata shi, kuma zuma ta koma gida, ita ce ke taimaka maka furen ya zama ɗa mai kyaun siffa. Akwai farar wuta ma, tana rage shi, sai dai in zafi ya haura digiri 30 tana ƙona ganye, don haka daga Maris ni ba na ba da shawararta.

Nan zan ɗan tsaya a kan abin da ya fi damuna. Firez ba a dafa shi, ba a ɓare shi, yaro zai ɗauka ya jefa baki, kuma kai duk kwana biyu ko uku kake tsinka. Kowane magani na gaskiya an rubuta a jikin kwalbarsa kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka, ka karanta ko ka ba wanda zai karanta maka, ka tsinke duk wanda ya nuna kafin ka fesa, sannan ka jira kwanakin su cika ko da mai saye yana ta buga maka waya. Maganin da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, da piya-piya, da na auduga, kar su kusanci firez ko kaɗan. Ƙasashen CILSS, wato ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, suna da kwamitin da ke tantance magungunan feshi, ana ce mashi CSP, maganin da aka yarda da shi yana ɗauke da lambar kwamitin a takardarsa, in ka je gidan gona ko ofishin kare tsirrai na jiha za su nuna maka jerin.

Ruɓewa mai furfura kuma naman gwari ne da ake kira botiritis. Mutane suna mamaki wai a ƙasa busasshiya kamar tamu ina ya samu laima, to daga arozuwarka ya samu. Tun yana fure cutar ke shiga, ta kwanta shiru, sai ɗan ya fara nuna ta fito, yawanci daga wajen ƴar hular nan kore. Tana son sanyi-sanyi da jiƙa, kai kuma ka zuba ruwa ta sama da marece a daren Janairu, fure da ƴaƴa sun kwana jiƙe har safiya. Ka daina ban ruwan marece ta sama. In da hali ka sa tiyon ɗigo, gut-a-gut, shi ne asalin abin da ya dace da firez. In ba hali ka cire kan arozuwar ka zuba a gindi a hankali, da safe, yadda kafin azahar komai ya bushe. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta ƙarƙashin ƴaƴan kar su taɓa ƙasa, sai dai ka riƙa ɗaga ta kana leƙawa saboda gara. Duk ɗan da ya ruɓe ka cire shi ranar da ka gan shi, da kwano daban, kar ka yar a hanya, furfurar nan irin cutar ce, iska kaɗan take tashi. Ka rage takin ure in kana sawa da yawa, yana cika ganye ya hana iska shiga, ƴaƴan kuma su yi laushi. A yanayinmu wannan kaɗai yakan isa, ba sai an sayi maganin gwari ba.

Sai masu yaushi, wannan ce mai nauyin. Ka tuge ɗaya da ya fara, da saiwarsa duka, ka wanke, ka sa wuƙa ka tsaga kututturen gindin biyu daga sama zuwa ƙasa, inda ganye da saiwa suka haɗu. Lafiyayye cikinsa fari ne tas. In ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi a ciki, cutar ƙasa ce ta shiga. Akwai iri-iri da ke yin haka kuma ido ba ya raba su, sai an kai samfur wurin masu bincike irin na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, amma wadda zan fi zargi a ƙasarmu ita ce makirofomina, wadda ke busar da wake da dawa da gyaɗa da riɗi idan zafi da ƙishi sun haɗu, tana iya shekaru a cikin ƙasa tana jira. In wurin yana riƙe ruwa kuma, wata ce daban mai son taɓo. Ko wacce ce, gindin da ya kamu ba ya warkewa, ka tuge shi da ƙasar da ke jikinsa ka fitar, kar ka dasa wani a ramin bana. In kuma cikin fari ne amma saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, nematod, ta cika a garake masu rairayi da aka daɗe ana tumati da kuɓewa. Wani lokacin ma ba cuta ba ce, dashe ne aka nutsa har ƙasa ta rufe zuciyar, wato inda sabon ganye ke fitowa, ko gara ta ci daga ƙasa.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba amma tunda kana yankin nan sai na faɗa. Firez yana cikin shukokin da suka fi kowa ƙin gishiri. Ƙoramun kudancin Damagaram da kwarurruka irin na Gidimuni wasu wuraren akwai kanwa a ƙasa da ruwa, abin da dabino da rake ke jurewa firez ba ya jurewa. In ka ga bakin ganye ya ƙone zagaye kamar an bi shi da wuta amma ba ɗigo ba saƙa, ko farin ɓawo a saman fangali bayan ruwa ya tsane, ko sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, to ruwa ne ko ƙasa, feshi ba ruwansa. Firez ƙasa mai ɗan tsami yake so, awon pH 5.5 zuwa 6.5. Saboda haka tokar da muke barbaɗa ma sauran kayan garka kar ka sa mashi, haka ɗanyen kashin kaji, sai takin da ya ruɓe sosai.

In ƴaƴan suna fitowa da kalar tagulla, fatar ta yi kaushi ƙwayoyin sun fito waje, ka hura iska cikin fure ka duba, za ka ga wasu siraran ƙwari suna gudu, irin na albasa ne, don haka kar fangalin albasa ya jingina da na firez. Tsuntsaye kuwa raga ce maganinsu, sauran dabaru kwana biyu suke yi su gane.

Maganar baɗi. Rabin waɗannan matsaloli da dashe suke zuwa. Ko daga Wagadugu aka kawo maka, inda ake noman firez sosai a Bulmiyugu, ko daga Jos, ka tsaga biyu ko uku ka duba ciki, ka juya ganye ka duba baya kafin ka biya, kuma ka ajiye su gefe kwana kaɗan kafin su shiga garka. In naka za ka raina daga yaɗon da uwa ke miƙawa, ka zaɓi uwayen daga fangalin da ba a samu yaushi ba, ka cire su daga wurin, ka kai inuwa don Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, kuma ka ci gaba da duba gizo-gizo a kansu duk bazara, nan yake ɓuya ya jira sabon dashe. Fangalin da aka samu yaushi kar firez ya koma ciki shekara uku, kar kuma ka bi bayan tumati, tattasai, yalo ko kwambitar da shi, gara bayan shu ko tafarnuwa ko albasa. Zafin da ke korar firez ɗin ma yana da amfani: a Afrilu ka kafce wurin da za ka dasa, ka jiƙa shi sosai, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka binne bakinta ko'ina kar iska ta shiga, ka bari sati 4 zuwa 6, rana za ta dafa saman ƙasar ta rage nematod da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Sannan ka ɗaga fangali ya yi tudu, tazara santimita 30 tsakanin gindi da gindi, zuciyar daidai da fuskar ƙasa.

Na bana kuwa, ka yi lissafi kafin ka kashe kuɗi. Da zafi ya zauna sama da digiri 30 fure yana raguwa ƴaƴan suna ƙanƙancewa ko da ba cuta, don haka fangalin da saƙa ta riga ta lulluɓe gaba ɗaya ka tuge shi kawai, kuɗin maganin ka sa a kan waɗanda sabon ganyensu na tsakiya yake kore har yanzu. In ka tsaga gindin ka ɗauki hoton cikin da na saiwar a wuri mai haske ka turo, da hoton takardar maganin da ka fesa.